Na kusa kare kundin digiri na uku a harsunan Silabawa, ina neman shawara kan aikin farko

'Yar Zazzau: Assalamu alaikum iyaye da yayye da ƙanne. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu shiga aikin jami'a. Na yi digirin farko a Rashanci a gida Najeriya, na zo Foland na yi na biyu, yanzu ina shekarar ƙarshe a makarantar digiri na uku. Kundin yana hannun masu dubawa, in Allah ya yarda kafin hunturu zan kare shi. Fannina kimiyyar harshe ne, ɓangaren harsunan Silabawa, wato dangin da Rashanci da Folanci da Cekanci da Bulgariyanci da harshen Yukren suka fito. Bincikena a kan aikatau na tafiya ne a Folanci da Rashanci, da yadda ɗafa-goshi ke sauya musu ma'ana.

Wata jami'a a nan Foland ta yi mini tayin koyar da Rashanci ga 'yan aji ɗaya da biyu, gurbin koyarwa zalla, kwantiragin shekara guda da ake sabuntawa. A Jamus kuma wata farfesa da muka haɗu a wurin taro tana neman mai digiri na uku a bincikenta na shekara uku, kan Folanci da Rashanci a bakin 'ya'yan baƙi da aka haifa a can, sai dai rabin gurbi ne. Mahaifina kuwa maganarsa ɗaya ce kullum, in tattara in dawo gida. Ni burina in ci gaba da bincike, in kuma koyar da nahawu da tarihin harshe, ba gaisuwa da ƙidaya kaɗai ba. Wanne zan kama?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ƙanwata. Kar ki ji haushin tambayata, da gaske nake son sani. Mai koyon Rashanci don tafinta ko aikin ofishin jakadanci na gane shi. Amma mutum ya shekara huɗu yana bin diddigin aikatau na Folanci, wa zai ci moriyar wannan?

'Yar Zazzau: Yaya, ba haushi ko kaɗan, a gida ma an sha yi mini ita. Ka ga a Hausa, bambancin "na rubuta" da "ina rubutawa" yana zaune ne a ɗan guntun da ke gaban aikatau. A harsunan Silabawa aikatau ɗin kansa ne ke zuwa biyu-biyu. A Folanci *pisać* rubutu ne da ake cikin yi ko ake maimaitawa, *napisać* kuma rubutun da aka kai ƙarshensa. Duk lokacin da za ka buɗe baki sai ka zaɓi ɗaya, har a umurni, har a lokaci mai zuwa. Kuma harsunan ba su zaɓa iri ɗaya. Stephen Dickey ya nuna a littafinsa na 2000 cewa akwai rabuwa tsakanin gabas da yamma: inda mai Cekanci zai sa aikatau kammalalle don abin da aka saba yi, mai Rashanci ba zai sa ba, Folanci kuma yana tsakani. Mai rubuta ƙamus da mai koyarwa da mai gina manhajar fassara duk a kan irin wannan bayanin suke tsayawa.

Sannan duk wanda ya karanta tsarin sautin Hausa a jami'a ya sha daga wannan fanni ko bai sani ba. Maganar ƙwayar sauti ta samo tushe daga Jan Baudouin de Courtenay da ɗalibinsa Kruszewski a birnin Kazan na Rasha, ta nuna a hannun ƙungiyar masana harshe ta Firag, babban birnin Cek, da aka kafa a 1926, inda su Jakobson da Trubetzkoy suka zauna. Littafin Trubetzkoy kan tsarin sauti ya fito a 1939, bayan rasuwarsa.

Baban Khalifa: To madalla, yanzu na fahimta. Allah ya taimaka. Sauran zan zuba ido in ji masu sani.

Tsohon Ɗalibin Mosko: 'Yata, kin faranta mini rai. Ni a zamanin Tarayyar Sobiyet na yi karatun injiniya, kuma kowane baƙo sai ya yi shekarar share fage yana koyon harshe kafin ya shiga aji. Aikatau na tafiyar nan da kike bincike su ne suka fi wahalar da mu: ka tafi da ƙafa ne ko a mota, sau ɗaya ne ko kana zuwa kana dawowa, kowanne da kalmarsa. Malamarmu takan sa mu tashi mu yi ta zirga-zirga daga allo zuwa ƙofa, tana tsayar da mutum a tsakiyar ɗaki ta ce faɗi abin da kake yi yanzu.

Shawarata irin ta mahaifinki ce. Lokacin da aka ba kamfanin Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarafa ta Ajakuta a 1979, ana neman masu jin Rashanci ruwa a jallo. Su kuwa Rashawa tun 1963 suka buga ƙamus na Hausa da Rashanci ƙarƙashin Olderogge, suna koyar da Hausa a Mosko da Leningrad, a lokacin ma suna da sashen Hausa a rediyonsu. Sun san mu, mu ba mu san su ba. Ana koyar da Rashanci a jami'o'in Legas da Ibadan da Nsukka, kuma Arewa na buƙatar irinki. Turai tana da ɗaruruwan masana wannan fanni, ba za su ji rashinki ba. Mu za mu ji.

Maman Iman: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina tare da kai a niyya, amma a kan lokaci zan saɓa maka. Ina koyarwa a sashen harsuna na wata jami'a a gida, don haka abin da nake gani zan faɗa. Sabon mai digiri na uku da ya dawo, a zangon farko za a ɗora masa kwasa-kwasan da kowa ke gudu, a ba shi duba kundayen 'yan ajin ƙarshe, a ƙara masa aikin jarrabawa. Kafin ya ɗago kai shekara biyu ta wuce, kundinsa na nan a kwamfuta bai zama maƙala ko ɗaya ba. Ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Akwai tallafin TETFund na zuwa taro da na bincike, gaskiya ne, amma layi ne mai tsawo.

Abin da ya fi damuna da ke, 'yar'uwa, kaɗaici ne. Rumbunan matanin da kike aiki da su, wato tarin rubuce-rubucen da aka adana a kwamfuta don bincike, kina iya buɗe su daga Samaru in akwai intanet. Amma wa za ki miƙa wa daftarin maƙala kan ɗafa-goshin Folanci ya karanta ya ce nan kin yi daidai, nan ki sake dubawa? Ki dawo, amma ki dawo da maƙalu a hannu da sunan da abokan aiki suka sani, yadda za a riƙa gayyatarki taro ko kina ina.

Tsohon Ɗalibin Mosko: Malama, na ji. Tsorona kawai, waɗanda suka ce "sai na ɗan kafu" da yawa har yau ba su dawo ba.

Dakta Bakano a Jamus: Ni ba ɗan fanninki ba ne, amma doka ɗaya ce ke kanmu a nan, don haka ki saurara da kyau. Akwai dokar kwantiragin ma'aikatan ilimi ta 2007. A taƙaice jami'a na iya riƙe ki da kwantiragi mai wa'adi har shekara shida kafin digiri na uku, da wasu shida bayansa. In suka cika ba ki samu gurbin dindindin ba, yawanci kujerar farfesa, hanya ta tsuke sosai. Saboda wannan ne a 2021 matasan masu bincike suka yi ca a Twitter da taken #IchBinHanna, bayan ma'aikatar ilimi ta yi wani bidiyo tana yabon tsarin. Kuma a fannonin harshe har yanzu ana sa ran ki rubuta babban aiki na biyu, wanda suke kira Habilitation, ko ki samu ƙaramar kujerar farfesa irin wadda aka ƙirƙiro a 2002. A al'adar sassan Silabawa na Jamus, ana son aikin na biyu ya bar inda na farko ya tsaya, wani batu dabam, galibi ma wani harshe dabam.

Rabin gurbi ga mai digiri na uku bai yi mini daɗi ba. Abin da ke faruwa shi ne albashi rabi, aiki cikakke. Kafin ki ce e, ki tambayi farfesar a rubuce: awa nawa ne na aikin bincikenta, sunan wa zai zo farko a maƙalun da za su fito, za ki iya amfani da bayanan da kuka tattara don aikinki na gaba, kuma za a ba ki aji ko ɗaya na kimiyyar harshe. Na ƙarshen nan kar ki raina shi. Ranar neman kujera za a duba abin da kika koyar, kuma "nahawun Folanci na tarihi" a takardarki ya fi nauyi nesa ba kusa ba a kan darasin magana.

Uwar Biyu a Foland: Bari in shigo ta ɓangaren Foland, tunda nan nake koyarwa, ko da yake a wani fannin. Ƙanwata, ki duba sunan gurbin da kyau a takardar. A dokar jami'o'i ta 2018, mai gurbin bincike da koyarwa iyakarsa awa 240 na aji a shekara. Mai koyarwa zalla har 360. Wanda aka rubuta wa *lektor*, wato malamin koyar da harshe, kuwa har 540. In na ƙarshen ne suka ba ki, ki lissafa: bayan awannin aji ga shirya darasi, ga gyaran rubutun ɗalibai masu koyon harshe, wanda ke kin san ba ya ƙarewa. Kuma mai gurbin koyarwa ba a lissafa maƙalunsa a ƙimar sashe, don haka babu mai matsa wa kansa ya ba ki lokaci ko kuɗin taro.

Ban ga kin ambaci hanya ta huɗu ba. Cibiyar NCN da ke Krakow, mai ba da kuɗin bincike a Foland, tana da tallafin Sonatina na waɗanda ba su wuce shekara uku da digiri ba. Cikakken albashi ne, binciken naki ne, akwai 'yan watanni a wata jami'a a waje, sharaɗin dai ki koma wata cibiya ba wadda ta ba ki digirin ba. Gasa ce mai zafi, ba kowa ke samu ba, amma tunda kundinki ya kammala, yanzu ne lokacin fara rubuta takardar nema. Ki kuma sa ido kan jerin mujallun da ma'aikatar gwamnati ke fitarwa da makinsu, daga 20 har 200, don a nan da shi ake auna mutum, ko muna so ko ba ma so.

'Yar Zazzau: Anti, na koma na duba. *Lektor* ne suka rubuta. Jikina ya yi sanyi.

Sai dai gaskiya ina son aji. Na riƙe 'yan aji ɗaya a lokacin karatuna, kuma abin da na koya a wurinsu ya shiga kundina. Ɗalibin Foland mai koyon Rashanci ba ya faɗuwa inda mu muke faɗuwa. Harshensa na da irin tsarin, sai ya saki jiki ya ɗauko zaɓin Folanci ya dasa a Rashanci, jimlar ta fito daidai a nahawu amma ba Barashen da zai faɗe ta haka. Irin waɗannan jimlolin na riƙa tarawa daga takardun gwaji, su suka nuna mini inda zan tona a rumbun Rashanci da aka buɗe a 2004, da na Folanci, da InterCorp na Firag mai jera fassarori gefe da gefe. Shi ya sa nake jin tsoron aikin da babu ɗalibi a ciki kwata-kwata.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni daga Faransa nake, na yi kimiyyar harshe, kuma a INALCO, makarantar harsuna ta Paris, ana koyar da Hausa ana koyar da harsunan Silabawa a gini ɗaya. Malama, duk shawarwarin nan suna da kyau, amma akwai jarin da kike zaune a kai ba ki taɓa ba. Masu nazarin aikatau na Rashanci sun yi yawa, kuma akasarinsu da harshen suka tashi. Nawa ne a cikinsu ke jin Hausa? Kina da giredin aikatau na Hausa, wato rabe-rabensu bisa sigarsu, da Parsons ya tsara a 1960. Fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo: ai wannan -o ɗin aikin ɗafa-goshin *przy-* yake yi. Bulgariyanci na liƙa madanganci a ƙeyar suna, *kniga* ya zama *knigata*, kamar mota da motar. Ga ganɗantawa, mota motoci, ƙasa ƙasashe, su ma *k* ɗinsu ta koma *č* a gaban wasalin gaba tun a tsohon harshensu. Kuma kina ƙasar da Jami'ar Warso ke koyar da Hausa shekara da shekaru, inda su Stanisław Piłaszewicz da Nina Pawlak suka yi suna. Ki yi aikin kwatance, nan take ki fita daban.

'Yar Zazzau: Malam, na gode, amma a nan zan tsaya da ƙafata. Na farko, kamannin na sama-sama ne. -o na Hausa yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, ko inda zance ya kafa. *przy-* isa wurin da aka nufa yake nunawa, ko mai magana yana can ko ba ya can. Ina zaune a Foland zan ce wani ya isa Kano da *przyjechał*, amma a Hausa ba zan ce "ya iso Kano" ba sai in ina Kano, ko na ɗauke zancen na kai shi can. In na rubuta cewa abu ɗaya ne, mai duba maƙala na farko zai yi watsi da ita, kuma da gaskiyarsa.

Na biyu shi ne abin da ke ci mini rai. A taro, ina gama gabatar da bincike kan Folanci, sai tambayar farko ta zama "a harshenku fa yaya abin yake?" Abokin karatuna Bajamushe ba wanda ke tambayarsa haka, ana yi masa tambaya a kan alƙalumansa. Na sha wahalar koyon waɗannan harsuna don in zama masaniyarsu, kamar yadda Bature ke zama masanin Hausa ba tare da an ce sai ya kwatanta ta da harshen uwarsa ba. In na fara da kwatance, tsorona a ajiye ni a matsayin mai kawo misalan Afirka har abada, sashen Silabawa ya ce ta Afirka ce, sashen Afirka ya ce ta Silabawa ce.

Ɗan Damagaram: Bayaninki kan *przy-* ya fi nawa zurfi, kuma shi ne ma hujjata. Bambancin nan da kika zayyana a layi huɗu maƙala ce guda. Masu nazarin ire-iren harsunan duniya abin da suke nema ke nan, inda abu biyu suka yi kama amma suka rabu. Jakobson ɗin da kika ambata bai tsaya kan Rashanci ba. Ban ce ki bar fanninki ba, cewa na yi kar ɓacin ran tambayar wasu ya hana ki abin da ke hannunki.

Maman Iman: Ku biyun kuna da gaskiya, amma jeri ne matsalar. A ganina maƙalu biyu ko uku na farko su zama na Silabawa tsantsa, a mujallun da 'yan fannin ke karantawa, irin su Russian Linguistics ko Journal of Slavic Linguistics ko Zeitschrift für Slawistik. In wannan ya zauna, ba mai iya cewa ba 'yar gida ba ce. Daga nan ta yi na kwatancen, kuma ta yi shi da wani masanin Hausa, don jin harshe dabam, nazarinsa dabam. Mu nan muna da masu aiki kan giredi da za su yi murna da irin wannan haɗin gwiwa. Ranar da za ta dawo gida ma wannan maƙalar ce za ta buɗe mata ƙofar sashen kimiyyar harshe, ba sai inda ake koyar da Rashanci kaɗai ba.

Auta a Sofiya: Yaya, ni ƙaninki ne a wannan hanya, ina digiri na biyu a Bulgariya. Tambayata ta ɗan kauce. An sa mana tsohon harshen coci na Silabawa dole, kuma yana cinye mini lokaci. Wanda zai yi aiki da rumbun matani na zamani, yana buƙatarsa da gaske?

'Yar Zazzau: Auta, ka riƙe shi da hannu biyu. Shi ne harshen Silabawa na farko da aka rubuta, tun zuwan Kiril da Metodiyus Morabiya a 863, kuma a kansa aka gina fannin: Dobrovský ya rubuta nahawunsa a 1822, Leskien ya fitar da littafin koyonsa a 1871, wanda aka yi ta sake bugawa. Malaminmu yakan raba mana hoton shafi ɗaya na Codex Marianus, linjilar da aka samo a Dutsen Atos, da baƙaƙen Gilagolitik masu zagaye-zagaye. Sai ka fara mayar da su Sirilik, baƙaƙen da Rashanci ke amfani da su, harafi-harafi, sannan ka nemo kowace kalma. Akwai wasu gajerun wasula biyu da ake kira *jer*. Malamin zai sa ka ƙirga su daga ƙarshen kalma, wannan ya faɗi, wannan ya zama cikakken wasali. Ranar da ka iya wannan ƙirgar za ka gane dalilin da ya sa "kare" a Folanci yake *pies* amma in ya sauya ya koma *psa*, wasalin ya ɓace. Abin da ka haddace a matsayin togiya sai ya zama doka.

Ta fuskar aiki kuma, sassan nan ƙanana ne. Sau da yawa masanin harshe ɗaya ko biyu ne a sashe, kuma dole wani ya koyar da gabatarwa, da tarihin harshe, da tsohon harshen coci. Mai iya ɗaukar duka ukun ya fi shiga ido. Kai kana da sa'a ma, kana da harshen kudu. Ni ina da na gabas da na yamma, kuma Bulgariyanci da ya zubar da sauye-sauyen ƙarshen suna da Rashanci ke da shida, Folanci bakwai, duniya ce dabam. Ka ƙara Rashanci ko harshen Yukren a kai.

In gajiya ta kama ka, ka nemi wasiƙun ɓawon bishiya na Novgorod, waɗanda aka fara tonowa a 1951. A ciki akwai na wani yaro Onfim na ƙarni na 13, yana koyon baƙaƙe, ya gaji ya zana kansa a kan doki. Masanin harshe Zaliznyak ya gina bayanin karin harshen tsohuwar Novgorod daga irin waɗannan guntaye.

Dakta Bakano a Jamus: Tunda an ambaci harshen Yukren, akwai abin da ba mu taɓo ba. Tun da Rasha ta kai wa Yukren hari a Fabrairun 2022 manyan cibiyoyin ilimin Jamus, har da DFG da DAAD masu ba da kuɗin bincike da karatu, suka dakatar da hulɗa da cibiyoyin gwamnatin Rasha. Mai buƙatar ɗakunan ajiyar rubuce-rubuce na Mosko ko Petersburg, ko zuwa ƙauyukan Rasha ɗaukar karin harshe, aikinsa ya tsaya ko ya sauya. Sassan da a da Rashanci ne ginshiƙinsu yanzu suna faɗaɗa zuwa harshen Yukren da Folanci da sauransu. Wannan fanni tun asali siyasa ke buɗe masa aljihu ta rufe: Amurka ta zuba kuɗi bayan Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik, da dokar 1958, bayan rushewar Sobiyet a 1991 aka ja baya. Binciken farfesar nan kan 'ya'yan baƙi bai dogara da bizar Rasha ba, masu maganar suna nan cikin garuruwan Jamus. Wannan maki ne a gare shi.

Tsohon Ɗalibin Mosko: Abin baƙin ciki ne. Malaman da suka koya mana harshen nan mutanen kirki ne, daga Rasha da Yukren duka, a ɗaki ɗaya suke shan shayi. 'Yata, duk inda kika je kar ki bari Rashancinki ya yi tsatsa saboda yaƙi. Yaƙi zai ƙare.

Uwar Biyu a Foland: Wani abu kan lissafin lokaci. In kina tunanin tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, ƙa'idarsa ita ce kar ki zauna a ƙasar da za ki nema fiye da wata 12 cikin wata 36 kafin rufe nema, kuma a Satumba ake rufewa. Wato yanzu kina iya nemansa zuwa Jamus ko Cek, amma ba Foland ba. In kika yi shekara fiye da ɗaya a Jamus, Jamus ta rufe, bayan wani lokaci Foland ta sake buɗewa. Ki zana wannan a takarda kafin ki sa hannu a ko'ina.

'Yar Zazzau: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya a yau. Gurbin *lektor* zan ba su haƙuri, sai in sun yarda su mayar da shi na bincike da koyarwa, kuma zan tambaya kafin in ƙi. Farfesar Jamus zan rubuta mata gobe da tambayoyin Dakta, in ƙara da ko za a iya ɗaga gurbin ya wuce rabi, ko a cike shi da aji ɗaya a sashe. Takardar Sonatina zan fara ta ko ma mene ne amsarta. Babi na uku na kundina shi zan fara mayarwa maƙala. Baba, maganarka da ta mahaifina na ajiye ta a zuciya, kuma Malama, in lokacin aikin kwatancen ya yi, ke zan fara nema ki haɗa ni da mutanenki na giredi. Malam Ɗan Damagaram, har yanzu ban yarda a fara da shi ba.

Dakta Bakano a Jamus: Ki ƙara tambaya ɗaya: kuɗin binciken an riga an amince da shi na shekara ukun duka, ko kashi-kashi ne? Wani lokaci kwantiragin da za a miƙo miki ya fi abin da aka faɗa da baki gajarta. Kuma ki nemi magana da wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinta, ba a gabanta ba.

Auta a Sofiya: Yaya, wane taro ya dace mai digiri na biyu ya fara gwadawa?

'Yar Zazzau: In aikinka na nahawun zamani ne, akwai taron nahawun harsunan Silabawa na FDSL da aka fara a Leipzig a 1995, a Turai ake yinsa, kuɗin zuwa da sauƙi a kan takwaransa FASL na Amurka. Babban taron masana Silabawa na duniya da aka fara a Firag a 1929 ta hannun kwamitocin ƙasashe ake shiga, ka bar shi sai gaba. Amma kafin duk wannan ka fara da taron ɗalibai na jami'arku. Turo mini taƙaitaccen bayanin ta akwatin sirri in duba maka kafin Juma'a.